Abdo a Kan Ɗanyen Ɗinki

SHAFI NA 23

Da sunan Allah, Masanin abin da tufa ta rufe. Masu cika mini waya da cewa na tsananta wa tsofaffin labarin nan, ku karanta wannan tukuna, sannan ku yi mini hukunci.

*

Balkisu ta kama bakin zanen da hannu biyu, ta ƙara tamke shi a mararta har numfashinta ya sarƙe. Ɗaurin ciki ne irin na masu jego, duk wanda ya gani ba zai ce komai ba. Abin da ke ƙarƙashinsa ne ba na gani ba.

Ɗinki ne, kwance ƙasan cibiya.

Yanka ta aka yi aka ciro yaron, lokacin mijinta Abdulmutallib, sojan kashe gobara, yana can Yamai wurin ƙarin horo. Tun tana gadon asibiti Innarta ta kama hannunta ta rantsar da ita kada dangin miji su ji. Kuma Inna ba don banza ta ji tsoro ba. Kowa ya san yadda surukar Balkisu, Iya Tsahara ta Jiratawa, ta fitar da matar babban ɗanta Maman Lawali bayan an yi mata aiki. Cewa ta yi macen da aka farka buhu ce da aka yi wa faci, ba ta sake ɗaukar kaya. Ta sa aka sake ta, ta riƙe ɗiyar.

Don a rufe bakin mutanen garinsu Tsibiri, Inna ta kafa tukunyar wankan jego safe da marece kamar kowa, aka riƙa kwarara wa ɗanyen ɗinki tafasasshen ruwa. Komawa lopital, wato asibiti, wankin ciwo kuwa aka ce a'a, kada wani ya gan su. Ruhama kaɗai, maƙwabciyarsu ƴar coci, ita ke sato hanya ta kawo bandeji a ƙasan kwanon miya, kullum tana cewa:

"Balki, gefen nan yana ruwa. Wallahi ƙawata, kunya ba ta warkar da ciwo."

Arba'in ta cika, gefen bai rufe ba. Haka aka yi mata lalle da kitso aka maido ta ɗakinta a unguwar Zariya. Iya Tsahara kuma ta zo taya ta zama. Ga ta can tsakar gida, daidai bakin ƙofar ɗaki, jariri a cinya, tana tsinkar zogalen da ta zo da shi.

"Balkisu."

Muryar Abdulmutallib ce. Tun da ya dawo bai sake ce mata Balki ba. Sunan yake kira cikakke, kamar mai kiran sabon shiga a bariki.

Ya shigo yana gumi, daga gudun safe yake, tabarma naɗe a hammata.

"Na'am, Kaporal. Sannu da dawowa."

"Ja wanga tebur gefe. Yau za mu fara."

"Mu fara mi?"

"Abdo. Motsa ciki. Ke da bakinki kika ce da na dawo in koya miki, ba ki son tumbin jego ya zauna miki. Ko kin manta?"

Ba ta manta ba. Ta faɗa, lokacin cikin yana ƙarami, suna hira a waya suna dariya. Lokacin ba ta san da wuƙa za a buɗe shi ba.

"Da dai mun bari sai na ƙara jin ƙarfi," ta ce a hankali.

"Mi ya same ki da ba ki da ƙarfi?"

Kafin ta sami amsa muryar Iya ta ratso labule.

"Mutallabi, wai mi ne ne wanga abdo da nike ji?"

"Motsa jiki ne, Iya. Yana ɗame ciki, yana ƙarfafa baya."

"Oho! Mu turmi ne abdonmu. Ran da na haihe ka, da hantsi na sauka, da marece na surhe gero da hannuna. Motsa ta dai! Ɗiyan zamani, haihuwa guda sun zama randa. Tahiya ma sai ka ce mai ɗauke da ƙwai."

Ta yi dariya ita kaɗai, ta ci gaba da yi wa jariri wasa.

Abdulmutallib bai yi dariya ba. Ya shimfiɗa tabarmar, ya gyara bakinta da ƙafa, sannan ya tsugunna ya dubi matarsa. Da ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa ya yi, yadda ba za ta fita waje ba.

"Mu a bariki, kafin sabon shiga ya sa bayansa a ƙasa sai an tambaye shi. Kana da ciwon baya? Akwai rauni a jikinka? An taɓa yi maka aiki? Wanda ya ɓoye, kansa ya cuta. To ke ma ina tambayarki."

Balkisu ta saci kallon ƙofa. Ta ƙasan labule tana hango diddigen Iya, da faso a jikinsa.

"Babu."

"Ki yi tunani."

"Babu komai, Kaporal."

"Likita ba ta ce miki komai ba ran da aka sallame ku?"

"Cewa ta yi in riƙa cin abinci."

Ya daɗe yana kallonta. Ta ga jijiyar muƙamuƙinsa tana motsi.

"To. Kwanta."

Ta durƙusa, ta dafa ƙasa, ta kwanta ta gefe tukuna sannan ta mirgina rigingine, yadda ta saba yi tun da aka yanka ta. Yana tsaye yana kallon yadda ta yi.

"Lanƙwasa gwiwa. Tafin ƙafa a ƙasa, a ware su kaɗan. Haka. Manna gadon bayanki da tabarma, kada hannuna ya iya wucewa ta ƙarƙashi. Hannuwa bisa ƙirji, ɗaya kan ɗaya. Kada ki sa su a ƙeya, masu sa su a ƙeya wuyansu suke ja, gobe su ce abdo ya karya su."

Ta yi yadda ya ce.

"Ba a farawa da tashi. Da numfashi ake farawa. Shaƙa ta hanci. Yanzu fitar ta baki a hankali, kina jan cibiya ciki, kamar za ki sa siket ɗin da ya yi miki kaɗan."

Ta ja. Wani abu ya tsikare ta a gefen hagu, kamar ƙaya. Ta haɗiye.

"Kwance wagga ɗamara. Ba a abdo da ɗaurin ciki, yana danne numfashi."

Hannunta ya kai kan ƙullin kafin ya rufe baki.

"Inna ta ce kada in kwance. Iska tana shiga."

"Inna ta ce." Ya yi wani murmushi da ba na daɗi ba. "Inna ta ce abubuwa da yawa. Bar shi."

Ya durƙusa a gabanta, ya kama idon sawunta da hannu biyu ya danne. Hannuwan nan ta san su. Su suka riƙa shafa cikin suna yi masa kirari kafin ya tafi. Yau sun yi mata kamar mari a ƙafar ɗan kaso.

"Kafaɗa kaɗai za ki ɗaga. Kai da kafaɗa su rabu da ƙasa, ki fitar da iska, ki koma sannu. Doka guda ce, ki riƙe ta: gajiya a daure, ciwo a tsaya. Kin ji?"

"Na ji."

"Da kin ji ciwo ki ce."

"To."

Ta ɗaga. Wuta ta kama daga wannan kwiɓi zuwa wancan. Gumi ya tsatso mata a goshi, ta koma ƙasa tana kallon silin.

"Akwai ciwo?"

"A'a."

"Sake."

Ta sake.

"Akwai ciwo, Balkisu?"

"Na ce maka babu."

"Idonki ya kawo ruwa."

"Gumi ne."

Daga waje Iya ta ce, "Shiru nike ji. Ko barci ta yi maka?"

A nan ne shaiɗan ya sami ƙofa. Ku sani, fushin mai surutu da sauƙi, shi ya zazzage ya huta. Fushin mai shiru shi ne mugu, don yana zaune yana shirya yadda za a zo a durƙusa masa.

Abdulmutallib ya gyara zama, ya ƙara danne ƙafafunta.

"To tunda lafiyarki lau, babu ciwo, babu rauni, ba a taɓa yi miki komai ba, taso gaba ɗaya. Ƙirji ya taɓa gwiwa."

Ta dube shi.

"Ba ka ce sabon shiga ba ya…"

"Sabon shiga mai rauni na ce. Ke ai ba ki da shi. Ko kina da shi?"

Ya bar tambayar a tsakaninsu. Kalma guda ce, da ta faɗe ta ta huta. Ta buɗe baki. A daidai nan jaririn ya yi ɗan kuka a waje, Iya ta fara jijjiga shi tana cewa, "Yi shiru mijina, yi shiru ɗan gidanmu, kai namu ne." Sai Balkisu ta tuna matar Maman Lawali a bayan moto, wato babur, nono yana jiƙa mata riga, tana waiwaye har suka sha kwana.

Ta rufe bakin.

Ta cije leɓe, ta tattaro duk abin da ya rage a jikinta, ta taso.

"An," ya ƙirga da Faransanci irin na bariki.

Ta koma. Ɗakin ya juya. Ta sake tasowa.

"De. Balkisu, ya isa in…"

Ba ta saurare shi ba. Ta sake yunƙurawa. Tana tsakiyar tashi ta ji wani abu ya ce ɓas a mararta, kamar zaren tsohon buhu. Wani ɗumi ya biyo baya, yana gangara. Ta cusa bakin ɗankwalinta a baki ta danne ihun, ta faɗi baya.

Ya saki ƙafafunta.

Jan abu ya ɓullo a kan zanen, tun yana kamar kwabo har ya kai tafin hannu.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Bai warke ba? Ɗinkin bai warke ba?"

Duk da azabar da take ciki, sai da ta daina numfashi.

Ƙullin zanen yana nan yadda ta ɗaure shi. Bai kwance ba. Bai ga komai ba tukuna.

Ta zare ɗankwalin daga bakinta.

"Wa ya ce maka ɗinki ne?"

Ya fizgo tawul mai tsabta daga kan gado, ya warware zanen, ya ɗaga bandejin da ya jiƙe. Wari ya taso. Mutumin da ya saba ciro mutane daga motar da ta kife, sai ga shi ya kau da kai. Ya ninka tawul ɗin ya danna a wurin.

"Kada ki motsa. Bar gwiwar a lanƙwashe."

"Wa ya ce maka ɗinki ne, Kaporal?"

"Ba lokacin wagga magana ba ne."

"Lokacinta ne."

Raɗa suke yi su duka biyu, fuska kusa da fuska, kamar masu hirar soyayya.

"Tanimu," ya ce. "Abokin aikina. Ya kai wani mai haɗari lopital, ya ga Innarki bakin ɗakin fiɗa tana kuka. Ya kira ni yana yi mini jaje, ya ɗauka na sani. Na ce masa eh, na sani. Ni, mijinki, na yi ƙarya don kada a yi mini dariya a bariki."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar."

Ta lumshe ido. Tun ranar.

"Na kira ki kika ce kin sauka lafiya kamar kaza. Na ce tsoro ne, gobe za ta faɗi. Aka yi suna, shiru. Na dawo, shiru. Kina kwana bayana da ɗamara kamar ɗan kokowa, kina ce mini iska. Ni ne iskar, Balkisu?"

"Shi ya sa ka kawo tabarma."

"Cewa na yi da kin gan ta za ki faɗi. Na tambaye ki, na sake tambayarki. Kalma guda nike jira. Na rantse da Allah na ɗauka ya warke, arba'in ta wuce. Ban san kun zauna da shi yana ruɓewa ba."

"Ka sani," ta ce. Hawaye suka gangara ta gefen ido suka shige kunnenta. "Ka san an yanka ni, ka riƙe mini ƙafa."

"Ke kika ce babu."

"Ka ƙirga mini."

"Don mi ba ki faɗa mini ba? Ni kura ne? Na taɓa ɗaga miki hannu?"

Ta juyo da kai ta dube shi sosai. Tun da aka kawo ta gidansa ba ta taɓa kallonsa haka ba.

"Ran da aka fitar da matar Yaya Lawali, kana ina?"

Ya kau da ido, ta ci gaba.

"Ina amarya lokacin, ina laɓe a bayan rumbu ina gani. Ta kama ƙafar Iya. Ta kama ƙafar mijinta. Ta juyo gare ka, ta ce kai ka yi lakwal, ka yi karatun boko, kai ka san aiki ba laifi ba ne, ka sa baki. Mi ka ce?"

"Ba aurena ba ne."

"Ba ka ce komai ba. Kai ka ɗauko akwatinta ka ɗaure a bayan moto. Har ka ja igiyar ka gwada ko ta yi tauri."

"Uwata ce, Balkisu."

"Na sani. Shi ya sa ban faɗa maka ba."

Maganar ta zauna masa a ƙirji. Ya sunkuyar da kai. Tawul ɗin da ke ƙarƙashin tafinsa ya fara rinewa.

Kada wani ya ce mini ƙaddara ce. Uwa ta zaɓi bakin mutane a kan naman ɗiyarta. Suruka ta mayar da aikin likita abin gori, alhali shi ya ceci jikan da take rawa da shi. Miji ya ga matarsa a rami, maimakon ya miƙa hannu sai ya zauna a baki yana jiran ta roƙe shi. Kowa a cikinsu yana salla biyar.

"Tashi za mu yi," ya ce. "Lopital, yanzu. Wanga ba na jira ba ne. In ya buɗe har ciki, ba na so in faɗi abin da ke biyo baya."

"Ta ina?"

"Kamar yaya ta ina?"

"Ƙofa guda ce ɗakin nan. Ka ga wadda ke zaune bakinta."

Ya waiwaya ya dubi labulen.

Ta kama gefen rigarsa da yatsu biyu.

"Ka ce jinin biƙi ne ya dawo. Don Allah. Ka rufa ni da hijabi, ka ce jinin biƙi ne."

"In na ce haka cewa za ta yi ba sai an tahi lopital ba. Kunun kanwa za ta dama miki. Kin san ta."

"To ka ce faɗuwa na yi."

"Ta ce za ta bi mu. Ta shiga har gaban likita."

"Ka samo wata, kai namiji ne! Ni na riƙe tawa har na tsage. Kai ka riƙe ta yini guda."

"In yi wa mahaifiyata ƙarya?"

"Ka yi wa Tanimu."



A waje kukan jaririn ya ƙaru, irin kukan yunwa mai tsinka hanji. Balkisu ta ji nononta ya tsatso, ya haɗu da gumi.

"Ke Balkisu!" in ji Iya. "Ku bar wanga wasan banza haka nan, mijina na son nono."

"Tana zuwa, Iya!" Muryarsa ta fita sama fiye da yadda ya so.

"Tana zuwa, tana zuwa. Ɗiyan yanzu sai an kai musu har gado."

Suka ji an ture kwanon zogale. Suka ji tsohuwa ta dafa bango tana miƙewa, tana kiran sunan Allah saboda gwiwa. Takalmi ya ja ƙasa.

"Rufe ni," Balkisu ta ce. "Kaporal, rufe ni!"

Ya kai hannu ɗaya zai jawo zanen, ɗayan yana kan tawul. Zanen ya maƙale a ƙarƙashin bayanta.

Labule ya ɗaga.

Hasken hantsi ya faɗo ɗakin, ya sauka kan tabarma, kan jiƙaƙƙen bandejin da ke yashe, kan baƙin layin ɗinkin da tawul bai gama rufewa ba.

Iya Tsahara ta tsaya a bakin ƙofa, jariri a kafaɗa. Ba ta yi salati ba. Ba ta yi ihu ba. Ta bi ɗinkin da ido daga farkonsa har inda ya shige ƙarƙashin hannun ɗanta, a natse, kamar mai duba akuya a kasuwa.

Jaririn ya jiyo ƙanshin uwarsa, ya ƙara tsala kuka. Balkisu ta miƙa hannu daga kwance.

"Iya, ba ni shi. Yunwa yake ji."

Iya ba ta ko dube ta ba. Ta juya yaron ta mayar da shi baya, ta sunkuya ta goya shi, ta ja majanyi ta ƙulle tamau a ƙirjinta.

Sannan ta dubi ɗanta.

"Mutallabi."

"Na'am, Iya."

"Ba ita nike tambaya ba, ita na gama da ita. Kai nike tambaya, kuma ka tuna nonon da ka sha. An hwarka ta, an kawo mini ita gida da lalle. Da saninka, ko kai ma rufe ka aka yi?"

Balkisu ba ta kalli Iya ba. Bakin mijinta take kallo.

Amma hannunsa da ke danne da tawul ɗin, ta ji ya fara sassautawa.